Batir na biyu, firji da durowa a tsohuwar Land Cruiser: abin da ya biya kuɗinsa

Motata Land Cruiser ce samfurin 80, irin wadda kamfanin Toyota ya ƙera tsakanin 1990 da 1997, mai injin fetur silinda shida, lita 4.5. Sana'ata sayar da maganin dabbobi, don haka daga Gombe nakan bi kasuwannin Dukku, Bajoga da Nafada, wani lokaci in kutsa rugagen da ke cikin gandun kiwo na Wawa Zange. Yawancin alluran rigakafin da nake ɗauka suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, alhali a watan Maris da Afrilu zafin nan yakan kai 40. Ƙanƙarar kula ba ta kai la'asar. Shi ya sa bara na kai motar wajen wani mai wayarin a cikin gari, aka ƙara mata batir, firji da fitila, kafinta da mai walda kuma suka yi nasu.

Batir na biyu shi ne aikin da na fi yabawa. Mai wayarin ya ƙi yarda a jona firjin a batirin da ke tayar da mota. Ya ce, "Alhaji, in ka kwana a daji firji ya shanye shi, wa zai tura maka wannan motar cikin yashi?" Sai ya sa wani mai amp 100, irin na sola wanda ke jure a zuƙe shi a sake cikawa, ya ɗaure shi a baya. Tsakanin batiran biyu akwai wata 'yar na'ura mai raba su. In inji na aiki, wuta ta haura bolt 13, sai ta haɗa su altaneta, wato na'urar da ke samar da wuta a mota, ta caja duka. Da an kashe mota wutar ta sauko, za ka ji ƙas, ta raba su. Firji ya ci nasa, na tayar da mota yana nan cike.

Lissafin da ya yi mini a bayan kwali ya fito daidai. Firjin mai kwamfuresa ne, yana jan amp huɗu zuwa biyar in yana aiki, yana kuma hutawa tsakani. Irin wannan batir ba a son a sha fiye da rabinsa, wato amp 50 ke nan. Hakan na riƙe firjin kwana da yini in mota na inuwa kuma ba a yawan buɗe shi. Na kwana a ruga a Nafada, da asuba na duba, allon firjin yana kan 4. Makiyayin da ya taɓa kwalbar ya ji sanyinta bai ƙara tambayata ko maganin na da kyau ba.

Ya yi amfani da waya mai kauri daga gaba zuwa baya, domin siririya tana zubar da wuta a hanya, tana kuma zafi. Ya sa fiyus a bakin kowane batir. Inda aikinsa ya gaza wuri ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: ramin da wayar ta bi daga ɗakin inji zuwa ciki, bai sa masa roba ba. Gargadar hanyar burji ta sa ƙarfe ya fara cin bawon wayar har jan ƙarfen ya leƙo. Yaron wankin mota ne ya gani. Da na koma bai yi musu ba, ya gyara bai karɓi ko sisi ba, amma irin wannan sakaci kan jawo gobara a mota, kuma na faɗa masa haka.

Durowoyin kuwa sun sauya mini aiki. Guda biyu ne na katako, dogaye, a kan firam na ƙarfe da aka ɗaure da kusoshi a ƙasan motar, firji na zaune a sama. Ta hagu magungunan tsutsa da sirinji, ta dama jak, sifana, igiyar ja da famfon taya. Da can sai na sauke rabin kaya kafin in kai ga abu ɗaya, mutane na tsaye suna jira. Matsalarsu ƙura. Lokacin hunturu takan shiga layin da durowa ke gudu a kai, in an sa giris kuma sai ta cakuɗe ta zama kamar kunu. Yanzu goge shi nake yi da busasshen tsumma duk mako. Nauyinsu ma ya ɗan zaunar da bayan motar, dole na canza sifirin na baya.

Doguwar fitilar da aka kafa a saman rufi ban ji daɗinta ba. Wat 120 ce, tana jan amp 10, ga altanetar motar amp 80 kacal take bayarwa, ita ke ciyar da na'urar sanyaya mota, fitilun gaba da cajin batir biyu. Cikin hazo haskenta dawowa yake yi ido, yana kuma haska bonet. A kan titi ba ta kunnuwa, don makantar da mai zuwa take yi. Sai cikin daji, can ma ƙananan fitilu biyu a kan bamba sun fi ta amfani. Kariyar saman ma, wato ƙarfen ɗora kaya da ke kan rufin motar, na rage mata kaya, tabarma da shebur kawai, domin jarkokin mai a can sama suna sa motar rangaji a kwana da gefen kwazazzabo.

Mai tsohuwar mota da ke son wannan aiki, ya fara kai altaneta a gwada, a duba tsofaffin wayoyin da shekaru kusan 30 suka busar, sannan a yi maganar ƙari. Ya tsaya a kan mai wayarin har ya ga fiyus da roba a kowane rami da idonsa. Ni abin da ya rage mini faifan sola ne mai wat 100 a kan kariyar, saboda ranakun kasuwa da motar ke wuni a tsaye.