Gejin gwada ƙarfin mai: abin da na gani bayan wata bakwai ina aiki da shi

Ranar da motata ta ƙi tashi, sitata ba ta da laifin komai. Na murɗa makulli, injin ya yi ta juyawa da ƙarfinsa kamar yanzu zai kama, amma shiru. Batir lafiya lau, fitilun dashbod duk sun kawo, allurar mai tana kan rabin tanki. Na kira bakaniken da nake kai wa aiki, na kara wayar kusa da bonet don ya ji ƙarar. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Maigida, famfon mai ne. Sayo sabo kawai, in zo in ɗaura maka."

Ban ga laifinsa ba, don sau da yawa hasashen nan yana faɗawa daidai. Daga baya ma na tuna cewa kusan mako biyu motar tana shaƙewa in ta ɗauki tudu, kuma da safe sai na ɗan daɗe ina murɗawa kafin ta kama. Duk alamun famfo ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne famfon motata a cikin tanki yake, haɗe da ma'aunin mai da matatarsa a jiki ɗaya, kuma kayan wuta in an riga an ɗaura su ba a mayarwa. In na saya ya zamana ba shi ba ne, na ci asara, mota kuma tana nan inda take. Sai na ce bari in fara sayen abin gwaji tukuna. Abin da na sayo shi ne wannan geji da nake sharhi a kansa.

Akwati ne na roba mai ɗan faɗi. A ciki akwai gejin kansa, mai karanta ƙarfin mai da ma'auni iri biyu a fuska ɗaya, bar da psi, daga sifili zuwa bar 10, wato psi 140 da ɗoriya tunda bar ɗaya ya kai psi 14.5. Akwai tiyo baƙi mai maɓallin zubar da mai a gefe, da bakuna na tagulla kusan goma sha biyar, da wani mai rassa uku na tsoma geji a tsakiyar layin mai, da kilif-kilif da 'yan zobban roba a leda. Gejin yana da nauyi a hannu, an lulluɓe gefensa da roba, lambobin kuma manya ne, ana karanta su ko a inuwar bonet. Takardar bayanin da ke ciki kuwa ba ta da amfani ko na anini. Hoto ɗaya ne dishi-dishi, babu inda aka ce wane baki ne na wace mota, kuma babu alama a jikin bakunan. Sai ka zauna kana gwada su ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman makullin ɗakin da ba nasa ba.

Kafin in taɓa gejin na yi gwaje-gwajen da ba sa cin ko sisi. Na buɗe murfin tanki, na kara kunne, na sa yarona ya murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kawowa ba tare da ya tayar ba. A yawancin motoci masu nozul, wato 'yan bakunan da ke fesa wa injin mai, famfo yana yin gurnani na kamar daƙiƙa biyu a wannan lokacin don ya cika layi, sannan ya tsaya. Na ji gurnanin, amma can ƙasa-ƙasa, kamar na wanda ya kwana da yunwa. A nan in yi wata 'yar tunatarwa, don na ga mutane suna yanke hukunci da kunne kaɗai: ba kowace mota ke yin wannan ƙarar ba. Tsofaffin Toyota da yawa famfonsu ba ya motsi sai injin ya fara juyawa, saboda haka shirun da ka ji ba shaida ba ce. Wasu motocin kuma, irin Ford na shekarun baya, suna da wani maɓalli da ke yanke wa famfo wuta in mota ta yi karo ko ta faɗa rami da ƙarfi, dannawa kawai ake yi ya dawo.

Na biyu, na cire tiyon iska na fesa ɗan maganin wanke kafireto a bakin totur, aka murɗa. Injin ya kama, ya yi daƙiƙa biyu ko uku, ya mutu. Wannan ya nuna mini fulogi na ba da wuta, injin kuma yana da ƙarfin matsa iska, abin da ya rasa mai ne. Na uku, na jona ƙaramar na'urar karanta kwamfutar mota a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, irin tsarin OBD2 da ya zama dole a Amurka tun 1996. Ba ta nuna lambar matsala ko ɗaya ba. Na yi tsammanin ganin P0087, lambar ƙarancin ƙarfin mai, ko P0230 ta wayoyin famfo. Ashe motata ba ta da sensa a kan layin mai, kwamfutarta ba ta ma san ko akwai mai a layin ko babu ba. Wannan giɓin shi ne gejin yake cikewa.

Motata tana da wani ɗan baki a kan bututun nozul, mai murfi, kamar bakin da ake hura wa taya iska, da 'yar allura a tsakiya. Na bari injin ya huce sarai, na sa tabarau, na naɗe wurin da tsumma, na ajiye abin kashe gobara a gefena. Fetur da ke ƙarƙashin matsin bar 3 ba ɗiga yake yi ba, feshi yake yi, kuma ido yake nema. Na ɗaura bakin da ya dace, aka murɗa makulli. Allurar geji ba ta ko girgiza ba. Sifili.

Na riga na ɗauko waya zan ce wa bakanike ya yi gaskiya, sai wani abu ya daki raina: ai na ji gurnanin famfo, ko da rauni ne ya kamata allura ta ɗan ɗaga. Na kwance bakin na duba cikinsa da tocila. Ashe 'yar tsinken da ya kamata ta danna allurar bututun gajera ce, ba ta kai ba. Wato geji ya ɗauru tsaf, amma ƙofa a rufe take, mai bai shiga ba. Wannan shi ne babban aibin da na samu a kayan, kuma mugun aibi ne, don ƙaryar da yake yi ita ce daidai abin da mutum ke tsoron ji. Wanda bai yi shakka ba zai tafi ya sayo famfo da hujjar geji a hannunsa. Na sami wani baki a akwatin mai tsinke dogo, na ƙara masa zoben roba saboda yana tsatsafo, sannan aka sake murɗawa.

Allura ta taso a hankali, a gajiye, ta tsaya kusa da bar 1. Littafin motata ya ce kusan bar 3.5 ake so, kuma yawancin motocin fetur masu nozul a bayan bawul tsakanin bar 3 zuwa 4 suke aiki. Da bar 1 nozul ba ya iya watsa mai ya zama hazo, sai dai ya ɗiɗɗiga shi, injin mai sanyi kuwa ba ya kamawa da haka.

To a nan ne na fahimci iyakar wannan kaya. Geji ya ce mini ƙarfin mai ya faɗi, bai ce mini famfo ya mutu ba. Ƙarfi yana faɗuwa in matatar mai ta toshe, ko abin daidaita ƙarfi ya saki yana mayar da mai tanki, ko ɗan tiyon da ke cikin tanki ya tsage, ko kuma famfon lafiyarsa ƙalau amma wutar da ke isa gare shi ba ta ishe shi ba. Na duba fiyus, bai ƙone ba. Na cire rilen famfo, wato ɗan makunnin da ke sakar masa wuta, na musanya shi da na hon, don lambarsu ɗaya, hon ya yi ƙara da rilen famfo, geji kuma bai canza ba. Sai na ɗaga kujerar baya, na buɗe murfin da ke kan tanki, na kawo mitar gwada wuta.

Da na zare soket ɗin famfo na gwada shi shi kaɗai, mita ta nuna bolt 12 da ɗigo, daidai da batir. Saura kaɗan wannan ma ya yaudare ni. Waya mai ciwo tana iya nuna cikakkiyar wuta muddin babu abin da ke jan wutar, kamar famfon ruwa ne da ke tsartuwa da ƙarfi in ka buɗe kaɗan, ka buɗe duka ya koma zirara. Na mayar da soket, na cusa bakin mita ta bayansa yadda famfo zai riƙa ja ina gani. Aka murɗa makulli, mita ta faɗo ƙasa da bolt 8. Na bi wayar baya kamar kamu ɗaya, na tarar da wani soket a ƙarƙashin kafet wanda ƙafarsa ɗaya ta yi baƙi, robar kewayenta ta narke ta zama ruwan ƙasa, wari kuma na ƙonanniyar roba. Na yanke shi na haɗa sabo. Aka murɗa, allurar geji ta yi tsalle zuwa 3.5 kafin in ƙifta ido, mota ta tashi a juyi na farko.

Ban tsaya a nan ba, don famfon da ya tsufa yana jan wuta fiye da ƙima, shi ma yana iya ƙona soket. Na jona mita a gurbin fiyus, ta nuna kusan amfiya 5, wanda bai fita daga abin da ƙananan famfuna ke ja ba. Sannan na kashe injin na zuba wa geji ido. Minti goma allura ba ta sauka ba sai ɗan kaɗan. Wannan gwajin na ƙarshe shi ne na fi jin daɗin gejin a kansa, don in allura ta zube da sauri bayan an kashe, to ko bawul ɗin da ke hana mai komawa tanki ya saki, ko wani nozul yana yoyo cikin injin, kuma su ne ke sa mota ta riƙa wahalar tashi bayan ta ɗan huta. Da na kira bakanikena na faɗa masa, dariya ya yi ya ce, "Maigida, ka fara cin abincinmu ke nan."

Bayan wata huɗu ƙanina ya kira ni: "Yaya, ciwon motarka ne ya kama tawa, zo da akwatin nan naka." Tasa ba ta da bakin gwaji, sai da muka cire fiyus ɗin famfo, muka murɗa don ƙarfin ya sauka, muka kwance layi muka tsoma mai rassa ukun a tsakiya. Kilif ɗin da suka zo da kayan masu laushi ne, ɗaya ya lanƙwashe ina ɗaurewa, na sa nawa. Geji ya nuna sifili na gaske, wuta kuma tana isa famfo cikakkiya ko lokacin da ake murɗawa. Na shiga ƙarƙashi na bubbuga tankin da gudumar roba shi kuma yana kan makulli, sai allura ta zabura ta kai bar 2, mota ta tashi tana tari. Gawayin da ke cikin famfon ne ya cinye, bugun ne ya sa ya taɓa na ɗan lokaci. Wannan karon famfo ne ba tantama. Da aka zaro shi, 'yar matatar da ke gindinsa ta yi baƙi ƙirin. Ƙanin nawa dai mutum ne da fitilar mai ba ta mutuwa a motarsa, alhali fetur ɗin da famfo ke ciki shi ne ke sanyaya shi.

Akwai inda kayan ba su kai ba. Tiyon gajere ne, ba ya isa a fito da geji waje a gan shi mota tana tafiya, kuma famfo mai rauni yakan nuna ƙarfi daidai a tsaye, sai an taka totur a kan tudu ya zube. Ƙarfi kawai yake aunawa, ba yawan man da ke wucewa ba. Mai motar kafireto ba zai amfana ba, don ƙarfin mansa bai kai rabin bar ba, allura ba za ta bar gindi ba. Sabbin motocin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna da famfo na biyu a kan injin da ke kai ƙarfi sama da bar 100, na dizal na zamani kuma ya haura 1,500. Kada wanda ya kusanci waɗannan layukan da wannan geji, zai fashe, kuma man da ke fita da irin wannan ƙarfi yana huda fata.

Yanzu wata bakwai ke nan, sau biyar na yi aiki da shi. Gilashin bai tsage ba duk da ya taɓa faɗowa daga kan injin, allura tana komawa sifili daidai. Tiyon ne ya fara tauri kusa da bakinsa, zobban robar da suka zo da shi kuma biyu sun kumbura da fetur, na maye su da masu jure mai. Bakin nan mai gajeren tsinke na naɗa masa jan salatif, na ware shi a lungun akwatin.