Ma'aunin ruwan sama mai sikeli: yadda na same shi a damina

Ba wani siddabaru a cikin na'urar nan. Bokiti ne zaune a kan sikelin lantarki, an rufa masa gwangwani mai buɗaɗɗen baki. Bakin namu santimita murabba'i 200 ne, don haka milimita 1 ta ruwan sama giram 20 ke nan a kan sikelin. Ruwa na sauka, nauyi na ƙaruwa, lissafi na isa kwamfutar ofis minti bayan minti. Mun kafa shi a tashar yanayi ta gonar gwajin da nake aiki, dab da tsohon ma'auninmu mai cokali, wanda cokalinsa ke kifewa, a ƙirga, duk lokacin da milimita 0.2 ta taru a cikinsa.

A watan Agusta ya nuna kansa. Idan aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, mai cokali yakan yi ƙwauron lissafi, domin a ɗan lokacin da cokalin ke juyawa, ruwan da ke bin mazurari yana zubewa ba a ƙirga shi ba. Mai sikeli ba ruwansa da wannan, abin da ya faɗa bokiti ya shiga lissafi, ko da ƙanƙara ce. Da safe in muka duba kwalbar awo ta hannu, adadinta ya fi kusa da nasa. Kuma yana nuna ƙarfin ruwan a kowane minti, wanda shi ne abin da masu hasashen ambaliya suka fi buƙata. Milimita 50 a awa ɗaya daban take da milimita 50 ta yayyafin yini guda.

Tunda ba shi da mazurari, mun huta da toshewar ƙurar hunturu da ginin zanzaro. Sai dai buɗaɗɗen bakin nan yana da nasa fitinar. Wata rana da bazara, sama garau, sai ga na'ura ta rubuta kusan milimita 2. Da muka ɗaga murfin, ƙadangare muka tarar a ciki yana ta gyaɗa mana kai. Kashin tsuntsu da ganye ma haka, duk wanda ke kula da bayanan dole ya riƙa tacewa.

Bokitin yana ɗaukar milimita 1,500, ya fi ruwan damina guda a yankinmu, amma kada wannan ya sa a bar shi. Ruwan da ya kwanta yakan yi gansakuka, sauro kuma ya samu wurin haihuwa. Muna zuba ɗan siririn mai a saman ruwan don rage tururi, muna kuma juye shi lokaci-lokaci. Gindinsa sai an zuba kankare an daidaita sosai, in ba haka ba iskar hadari za ta girgiza sikelin ta ɓata lissafi.

Kuɗinsa ya ninka na mai cokali nesa ba kusa ba, ga batir da sola, ga kayan gyara sai daga waje. A ganina wurinsa manyan tashoshi ne, irin na NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, a filayen jirgin sama da na madatsun ruwa kamar Tiga, inda ake sa ido kan kogin Haɗejia. Wanda zai rarraba ma'auni a ƙauyuka don amfanin manoma, gara ya sayi masu cokali da yawa, ya ajiye mai sikeli guda ɗaya da zai riƙa gwada su da shi.