Motar lantarki a Damagaram: lissafin da za ka yi kafin ka tura kuɗin oda

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a zaure yayana ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata ƴar mota ce shuɗiya, fes da ita, an ɗauke ta a wani fili a ƙasar Sin. Wani mai shigo da kaya ya ce masa ya ba da rabin kuɗi, cikin wata uku mota tana ƙofar gida. "Ba isansi, ba juyen mai, ba hayaƙi," in ji shi. "Kai da kake bin waɗannan abubuwa, me ka gani?" Na ce, "Yaya, a ba ni kwana biyu in yi lissafi." Abin da na kai masa shi ne wannan, kuma na san ba shi kaɗai aka nuna wa irin hoton nan a garin nan ba.

Ina son motar lantarki. Na taɓa shiga wata, shirun da take yi da yadda take zabura da an taka ta sun burge ni ƙwarai. Injinta ba shi da buji, ba shi da matatar mai, kayan da ke lalacewa kaɗan ne. Sai dai masu ƙera ta sun yi ta ne da tunanin garuruwan da isansi ke da tsada, wuta kuma ba ta yankewa. Mu nan abin a juye yake, kuma daga nan ya kamata lissafi ya fara.

Matatar SORAZ tana nan arewa da mu, tun 2011 take aiki, ganga 20,000 a rana. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauke farashin litar isansi zuwa sefa 499. Ƙaramar mota mai lafiya tana shan kamar lita 7 a kilomita 100, wato kusan jika 3 da rabi. Ƙaramar motar lantarki tana cin kamar kilowat-awa 15 a wannan nisan, irin kilowat-awar da kontar gidanka ke ƙirgawa. Ɗauko takardar NIGELEC ka duba nawa kake biyan kowanne. A ƙaddara sefa 100 ne, ya kama jika 1 da rabi. Rarar jika 2 ke nan a kowane kilomita 100. Mai yin kilomita 1,000 a wata ya tsira da jika 20, a shekara jika 240. Kuɗi ne, ban raina ba. Amma idan sabuwar motar ta ɗara tsohuwar Corolla mai kyau da miliyan 5, sai an haura shekara 20 kafin rarar ta cike giɓin, ko an haɗa da kuɗin juyen mai ba zai ragu sosai ba. Garantin batir kuwa yawanci shekara 8 ne.

Wanda ya kwana a layin gidan mai lokacin ƙarancin isansi na watan Maris 2025 zai ce ba kuɗi kaɗai ake dubawa ba, kuma yana da gaskiya. Sai dai a tuna da watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu bayan takunkumin CEDEAO. Yankinmu da Maraɗi ta layin Katsina muke samun mafi yawan wuta. Ko babu rikicin siyasa, kowa ya san halin da ake shiga a bazara.

Yanzu ga motocin da ake yawan tallatawa. Dacia Spring ita ce ƙarama, batirinta bai kai kilowat-awa 27 ba, tana yin kamar kilomita 225 a gwajin Turai, kujera huɗu. BYD Seagull, wadda a Turai ake kira Dolphin Surf, tana zuwa da batir iri biyu, ita ma kujera huɗu, kuma a cikin Sin an sayar da ita ƙasa da dalar Amurka 10,000, shi ya sa hotonta ya cika wayoyi. Citroën ë-C3 ta fi su kama da motar iyali: kujera biyar, batir mai kilowat-awa 44, kilomita 320. Ta fito a Faransa a 2024 kan yuro 23,300, wato sama da sefa miliyan 15, tun ba a saka ta jirgin ruwa ba, tun duwan ba ta taɓa ta ba.

Maganar kujera ba ƙarama ba ce. Abin da Bature ke kira iyali shi ne miji da mata da yara biyu. Yayana yana da biyar a makaranta, ga Inna da ake kai wa asibiti, ga ranar suna ko biki da ake cika mota har da tukwane. Mota mai kujera huɗu ta faɗi tun a nan.

Inda aka fi ruɗin mutane shi ne nisan da aka rubuta a takarda. Sin tana da nata gwajin, Turai tana da nata, kuma na Sin ya fi sassauci. Seagull mai ƙaramin batir an rubuta mata kilomita 305 a Sin. Batir mai girma ɗaya a gwajin Turai 220 ya bayar. Sannan duka gwaje-gwajen ba a yi su a watan Afrilu a Damagaram ba, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma na'urar sanyaya mota ba ta hutawa. A kan kwalta, da gudu, da kaya, da sanyi a kunne, cire kashi ɗaya cikin huɗu ka zauna lafiya. Mirriya da dawowa wasa ne. Magariya da dawowa, kusan kilomita 180, mai babban batir za ta yi. Maraɗi kuwa, wajen kilomita 240, za ka shiga gari ido na kan allo, zuciya na dukan uku-uku, don abin da ke Takieta da Tasawa gidajen mai ne. Yamai, kusan kilomita 900, ka bar wa bas.

Caji a gida shi ne zuciyar maganar. Soket na ɗaki yana ba da kamar kilowat 2 da ɗan ɗori. Cika batir mai 44 daga ƙasa zai ci wajen awa 20. Kada wannan ya tsorata ka, domin wanda ke zagayen gari, daga Garin Malam zuwa makarantar yara, zuwa Kasuwar Dole, ya dawo, da wuya ya wuce kilomita 30 a rana, awa biyu zuwa uku ta mayar masa da abin da ya ci. Abin dubawa shi ne wayar gidan. Na je na duba soket ɗin da ke garejin yayana: bakinsa ya yi baƙi, robar ta ɗan narke tun wani lokaci da aka jona injin walda, siririyar waya ce aka ja daga falo. Jona mota a irin wannan na awanni neman gobara ne. Sai an ja sabuwar waya mai kauri daga konta, da abin katse wuta nata, da wayar ƙasa ta gaske, don motoci da yawa ba sa karɓar caji idan babu ita. Idan kontar ƙarama ce, mota da firiji da na'urar sanyaya ɗaki ba za su zauna tare ba.

A nan ne rana ke shigowa, kuma a nan ne nake ganin motar lantarki tana da gobe a ƙasarmu. Pano mai wat 500 yana ba da kamar kilowat-awa 2 da rabi a yini idan ana share masa ƙura. Mai pano shida zuwa takwas da inbata mai ƙarfi zai iya shayar da motarsa da tsakar rana kai tsaye, ba ruwansa da layin gidan mai, ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Sharaɗin shi ne motar ta kasance a gida, a inuwa, lokacin da rana ke tsaka. Wanda zai yi caji da gurup kuwa, isansin da ya gudu ne ya biyo shi ta bayan gida.

Zafi yana tsufar da batir. Tsofaffin Nissan Leaf, da batirinsu ba shi da abin sanyaya shi, sun yi suna wajen saurin rauni a ƙasashe masu zafi, don haka idan an kawo maka ta hannu da araha, bar ta. Batir irin LFP (sunan haɗin sinadaran da aka yi shi da su ne), wanda ke cikin BYD da ë-C3, ya fi jure zafi da yawan caji. Ka tambayi irin batirin kafin ka tambayi launi. Ka tambayi bakin cajin ma: motar da aka yi don kasuwar Sin bakinta daban da na Turai, kuma allonta na iya zuwa da rubutun Sinanci kaɗai.

Sai gyara. Makanikanmu gwanaye ne, Toyota ko a mafarki suna kwance ta su ɗaura, kayanta kuma in babu a nan ana samowa daga Kano cikin kwana biyu. Motar lantarki tana ɗauke da ɗaruruwan bolt, taɓa ta ba da sani ba na iya kisa, kuma yawancin matsalarta sai da kwamfutar kamfanin ake gano ta. Gilashin gaba kaɗai idan tsakuwa ta fasa, za ka iya wata biyu kana jira. Garantin da aka rubuta a Turai ko Sin ba ya bin mota zuwa inda kamfanin ba shi da wakili, saboda haka mai sayarwa ya rubuta maka wa zai gyara, a wane gari, da kuɗin wa. Tiransiter ma ya rubuta kuɗin duwan da na hanya gaba ɗaya, musamman da rufe iyakar Benin tun 2023 ya karkatar da kaya ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo da tsada. Kada ka ba da rabin kuɗi a kan hoto.

Akwai zaɓi na tsakiya da ba a cika ambata ba: mota mai haɗa isansi da batir, irin Prius ko Corolla mai haɗin, wadda ba a jona ta a wuta. Tana shan lita 4 zuwa 5 a kilomita 100, tana zuwa Yamai ta dawo. In ta hannu ce, a sa na'ura a auna lafiyar batirinta kafin a biya.

Da na koma zaure na ce, "Yaya, in mota ɗaya za ka riƙe, wadda za ta kai yara makaranta ta kuma kai mu ta'aziyya Tanut, ba wannan ba ce. In ka sa pano a gida, ka gyara waya, tsohuwar motar tana nan don tafiya, to ka nemi mai kujera biyar da batirin LFP daga hannun wanda ke da garejin da za ka iya zuwa ka gani da idonka." Ya yi shiru yana jujjuya wayar, sannan ya ce in nemo masa mai haɗa pano ya zo ya auna rufin ranar Asabar.