Sharhi: Sabon ƙaramin lagireton hita a tsohuwar Golf 3, bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya

Ƙaramin lagireton hita, wato wanda ruwan zafin inji ke ratsawa don ɗumama iskar cikin mota, da aka sa wa Golf 3 ɗina mai injin 1.8 ya ci damina guda da hunturu guda, kuma har yau bai zubar da ko ɗigo ba. Sabo ne a kwali, na kamfanin da ke ƙera kayan canji, jikinsa na alminiyam ne, kawunansa biyu na roba, daidai da ƙirar wanda ya fito da motar. Hukuncina a kansa shi ne ya cancanci kuɗinsa. Sai dai kuɗin kayan ba shi ne abin dubawa ba a wannan aiki. Wahalar tana wajen isa inda yake, domin yana binne ne a cikin akwatin hita a bayan dashbod, kuma sai an sauke dashbod ɗin gaba ɗaya kafin hannu ya kai gare shi. Bakanike da ya san motar zai ci awa shida zuwa takwas. Wanda bai saba ba zai kwana a kai.

Saboda haka ban ga dalilin sayen tokumbo ba. An daina ƙera Golf 3 tun ƙarshen shekarun 1990, wato duk wanda aka ciro daga wata motar ya haura shekara ashirin yana shan zafi da matsi, robarsa ta riga ta gasu. Ka biya kuɗin aikin yini guda ka sa tsohon abu, bayan wata uku ka sake biya. Lambar da za a nema ga mota mai sitiyari a hagu ita ce 1H1 819 031, amma a tafi da tsohon a hannu a gwada tsawo da tazarar bututun biyu.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar shi ne yake yoyo. Alamominsa ba su da wuyar ganewa: wani wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, hazo mai maiƙo a gilashin gaba wanda tsumma ba ya gogewa sai dai ya damalmala shi, kafet na gaba a jiƙe, ruwan tankin lagireto yana raguwa alhali ƙarƙashin mota a bushe yake. Amma jiƙewar kafet kaɗai ba hujja ba ce. Magudanar ruwan esi idan ta toshe tana jiƙa wurin, haka ma ruwan sama idan ganye ya cika kwatamin da ke ƙarƙashin waifa. A taɓa ruwan da yatsa. Na esi da na sama garau suke, na lagireto yana da santsi da launi.

Yawancin garejinmu abin da suke yi shi ne su cire tiyo biyun da ke shiga bango tsakanin inji da cikin mota, su haɗa su da guntun bututu, a ce ai ba ma buƙatar hita a ƙasar zafi. A matsayin maganin gaggawa wannan daidai ne, muddin haɗawa aka yi ba toshewa ba, domin a wannan injin ruwa yana zagayawa ta hanyar hita a kowane lokaci, babu bawul da ke tsayar da shi. Amma wanda ya taɓa tuƙi da asuba a hanyar Jos cikin Disamba, ko cikin ruwan Agusta da fasinja cike da mota gilashi ya rufe da tururi, ya san amfanin iska mai ɗumi a gilashin gaba.

Aikin yana farawa da cire kan batir na nagatif. Idan motar tana da jakar iska a sitiyari, a dakata 'yan mintoci kafin a taɓa wayoyinta. A bar inji ya huce sarai, a zubar da ruwan ta tiyon ƙasa na lagireto, a yi wa tiyo biyun hita alama kafin a zare su. Ɗaya daga kan silinda yake zuwa da ruwan zafi, ɗaya yana mayarwa ta bututun ƙarfe zuwa famfon ruwa. Sitiyari yana fita da soket mai lamba 24, kuma a daidaita tayoyi a yi alama tukuna, in ba haka ba zai koma a karkace. Daga nan sai agogon mita, rediyo, maɓallan hita, akwatin ajiya na gefen fasinja da robar da ke kewaye da giya.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne notuna masu lamba 10 da ke ɓoye a waje, a kwatamin waifa. Mutum ya kwance duk abin da yake gani a ciki, ya ja dashbod ya ƙi zuwa, sai ya sa ƙarfi. Roba mai shekara talatin da ta sha ranar arewa ba ta jure wannan, nan take za ta tsage. Idan abu ya ƙi motsi, akwai sauran ƙusa da ba a gano ba. Shi ma akwatin hita ta ɓangaren inji aka ɗaure shi da notuna a jikin bango. A ɗauki hoton kowace waya da wayar hannu kafin a cire ta, a zuba ƙusoshin kowane sashe a leda daban.

Ga inda kayan ya ɗan gaza. Soson da ya zo da shi a kwali siriri ne, bai isa ya cike tazarar da ke tsakanin lagireton da akwatin ba. Idan aka sa shi haka, iska za ta riƙa bi ta gefe ba ta ratsa shi ba, zafin ya zama rabi, kuma zai riƙa kaɗawa a hanya mai gargada. Sai da aka ƙara soso mai kauri a kewaye ya zauna daram. Bakin bututun robar ma yana da ɗan kaifin da injin ƙira ya bari, wanda ya kamata a goge da samfefa don kada ya ci tiyo. Ban da waɗannan, ya shiga mazauninsa ba tare da an fere komai ba. Kafin a sa shi, a toshe baki ɗaya, a hura iska kaɗan ta ɗayan, a nutsa shi a bokitin ruwa. Minti biyar ne, kuma ya fi a gano kumfa bayan an mayar da dashbod.

Tunda akwatin yana buɗe, a duba ƙyauren da ke raba iska mai zafi da mai sanyi. Faranti ne na ƙarfe mai ramuka, an lulluɓe shi da soso. Da shekaru soson yana rududdugewa, shi ne baƙin garin nan da ke fesowa ta ramukan iska idan an kunna fanka. Da zarar ramukan sun buɗe, zafi da sanyi sai su gauraye: hita ba zafi, esi ba sanyi. A kankare ragowar, a rufe ramukan da tef na alminiyam gaba da baya. Ni a ganina wannan gyaran ya kai canjin lagireton kansa muhimmanci, kuma esin ma ya fi sanyi bayansa.

Sabon ba zai daɗe ba idan ba a kawar da abin da ya kashe tsohon ba. Na farko ruwan rijiya ko na burtsatse zalla, wanda ke tara tsatsa da ƙanzo a siraran bututun. Na biyu murfin tanki da ya daina sakin matsi. An ƙera shi ya buɗe idan matsi ya kai wajen bar ɗaya da rabi (bar ma'aunin matsi ne), idan ya maƙale kuwa, wurin da ya fi rauni ne zai fashe, galibi haɗin roba da alminiyam na hita. Na uku gasket ɗin kan silinda da ke tura iskar ƙuna cikin ruwa: idan tiyon sama ya yi tauri kamar itace jim kaɗan da tayar da inji mai sanyi, a fara da wannan. Garin toshe yoyo da ake zubawa a tanki kuwa, hita yake fara toshewa.

A wanke hanyar ruwan har sai ya fito fari, a canza murfin tanki da kilif-kilif na tiyo, a mayar da tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, idan an taɓa cire shi. Injin yana ɗaukar kusan lita shida, rabi kulant (ruwan sanyaya inji mai launi) rabi tataccen ruwa. Kada a gauraya kulant nau'in G11 mai launin shuɗi-kore da nau'in G12 ja, suna yin dagwalo. A cika a hankali, a tayar da inji, a matsa tiyon sama sau da yawa, a jira ruwa ya fara dawowa ta siririn tiyon da ke saman tankin, sannan fankar lagireto ta tashi. Duk wannan a yi shi kafin a ɗaure dashbod, ana haska ƙarƙashin akwatin da tocila. Allurar zafi ta tsaya a 90, tiyo biyun hita su yi zafi kusan daidai da juna. Idan ɗaya ya yi zafi ɗaya ya tsaya ɗumi-ɗumi, akwai sauran iska a ciki. Washegari da safe, inji na sanyi, a sake duba ruwan a ciko shi zuwa layi.