Hajiya Binta ko Ɗantala: wanne za a fara karantawa?

Kullum sai an tambaye ni tsakanin littattafan labari biyu, Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim da Born on a Tuesday na Elnathan John. Dukansu 2015 suka fito, na farkon ya ci kyautar adabi ta NLNG (kamfanin iskar gas na Najeriya) a 2016.

Na Abubakar tafiyar hawainiya yake yi. Hajiya Binta, bazawara mai jikoki, ta faɗa son Reza, ɗan daban da wani sanata ke juyawa, ga tsegumin 'yan unguwa. Na Elnathan ya fi saurin karantuwa, amma akwai jini: almajiri Ɗantala, bangar zaɓe, rikicin malamai a Sakkwato, son A'isha 'yar malaminsa kuwa ya tsaya masa a maƙoshi.

Mai haƙurin bin sirrin zuciya ya ɗauki Binta. Mai son ganin yadda siyasa ke cinye yaran talakawa, ga Ɗantala nan.