Na gwada ɗan gilashin ƙara girma na waya akan ƙwari masu fiffiken raga

Wata biyu kenan da na sayi ɗan gilashin nan da ake maƙalawa a kyamarar waya, mai kama da abin matse shanya, a kasuwar waya ta Farm Centre. Mai shagon ya ce min wai har ƙwayar cuta zan gani da shi, dariya kawai nai, ni dai ƙwaro nake so in ɗauka saboda furojet ɗina na ƙarshe akan ƙwari ne.

Ranar da na fara gwada shi da gaske bayan ruwan sama ne, a lambun kawuna can wajen Ɗorayi, na tarar da wasu ƙwari ruwan goro da baƙi a gefen baya sun taru akan fure ko gudu basa yi, sai ka ce su suka shuka shi. Da ido zaka ɗauka fiffiken sumul yake, amma ina ɗora gilashin nan wallahi sai ga jijiyoyi sun miƙe daga sama zuwa ƙasa, wasu ƙanana sun gitta tsakaninsu kamar saƙar raga. To wannan ragar ita ce babbar shaidar dangin Lycidae, kuma fiffikensu laushi ne da shi ba kamar na buzuzu ba. Har ɗan dogon bakin da suke zuƙar ruwan fure da shi ya fito raɗau. A nan kam gilashin ya biya kuɗinsa.

Rashin gudun nasu ma akwai dalili, jikinsu na da ɗaci da wani wari, tsuntsu in ya ɗanɗana sau ɗaya baya sakewa, kalar nan gargaɗi ce. Shi yasa wasu ƙwarin da ba danginsu ba suke kwaikwayon kalar, kuma hoto mai kyau ne zai raba maka na gaske da ɗan kwaikwayo.

Na ɗora hotunan a iNaturalist, wani shafin intanet da ake taya mutum gano sunan halittu daga hoto, aka kai ni har rukunin Lycus na cikin dangin nan, wanda yake da yawa a Afirka, mazan wasunsu fiffikensu faɗi ne da shi sosai fiye da na matan har na zata iri biyu na kama. Daga nan kuma tafiya ta tsaya. Na kaiwa malaminmu ina murna in ce ga sunan jinsin, ya kalle ni ya ce "kai yaro, dangin nan sun haura jinsi 4,000 a duniya, yawanci a ƙasashe masu zafi, kuma jinsi daban-daban a gari ɗaya sukan sa riga iri ɗaya." Ashe masana sai sun fito da al'aurar namijin sun duba a maikiroskop, ko a gwada DNA, kafin su yanke suna. Wannan kuma ba aikin gilashin dubu huɗu bane.

Abin da ya ban haushi da shi, sai ka matso kamar zaka taɓa ƙwaron kafin hoto ya fito, hannunka ya ɗan girgiza shikenan ya zama dishi-dishi, gefen hoton kuma kullum a dushe yake sai tsakiya. Wayata kyamara uku ce, sai da na sha fama kafin na gane wacce zan rufe da shi, kuma dole in cire kondon waya. Matsen ya fara sakewa a sati na uku, yanzu da kyauron roba nake ɗaure shi. Ƙurar Kano kuwa ba a magana, kullum ana goge-goge.

Duk da haka in kai ɗalibi ne zan ce ka saya, ka ɗauki hotunan da safe lokacin da ƙwarin basu gama kuzari ba, ɗaya ta sama ɗaya ta gefe ɗaya ta kai. Ƙwarin da na kama guda shida suna cikin kwalba da sifirit, ranar Litinin zan kai su lab.