Daga Bankok: Yadda Tailan Ke Tarar Sankarar Bakin Mahaifa

Assalamu alaikum ’yan uwana mata na gida. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin da kuka nema a kan yadda ƙasar Tailan ke tunkarar ƙwayar cutar HPV, wadda ita ce sanadin kusan dukkan sankarar bakin mahaifa.

Ana ɗaukar ƙwayar ne ta hanyar saduwa, kuma galibi jiki kan kawar da ita da kansa. Wadda ta ƙi fita ce takan shafe shekara 10 ko fiye tana ɓarna a ɓoye kafin ciwo ya bayyana. Ƙwayar iri-iri ce, kuma nau’i na 16 da na 18 ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara a duniya, sai dai a jikin matan nan ana yawan samun na 52 da na 58, shi ya sa masu hali ke neman allurar da ke kare nau’i tara a asibitocin kuɗi, duk da tsadarta.

A batun rigakafi ba su yi mana nisa ba. Tun 2017 suke yi wa ’yan matan aji biyar na firamare allurar kyauta a makaranta, mu kuma Najeriya ta fara tata a watan Oktoban 2023, ga yara mata masu shekara 9 zuwa 14.

Inda suka bar mu shi ne gwajin manyan mata, waɗanda lokacin allurar makaranta ya riga ya wuce su. A ƙarƙashin tsarin lafiya na kowa da kowa da aka kafa a 2002, wanda jama’a ke kira tsarin baht 30 (baht shi ne kuɗin ƙasar), duk ’yar ƙasa mai shekara 30 zuwa 60 tana da haƙƙin gwaji kyauta duk bayan shekara biyar, kuma daga 2020 aka koma neman ƙwayar kanta tun kafin ta yi illa. Kunya ma akwai ta a nan, domin mata da dama ba sa son kwanciya a gaban likita. Saboda haka ake ba mace ɗan tsinke mai auduga ta ɗebo samfur da hannunta a keɓe, ta miƙa a kai ɗakin gwaji. A ganina wannan dabara za ta fi kowace karɓuwa a wajenmu. Sannan akwai ’yan sa kai na lafiya sama da miliyan ɗaya a ƙauyuka da unguwanni, yawancinsu mata, masu bi gida gida suna tunatarwa. A gida Najeriya kuwa, sau da yawa sai jini ya ƙi tsayawa ake zuwa asibiti, kuma kuɗin gwaji daga aljihu yake fita.

Mu baƙi wannan tsari na kyauta bai haɗa da mu ba, sai mai inshorar wurin aiki ko mai biya da kanta. Wadda ke shirin zuwa karatu ko fatauci ta tanadi kuɗinsa, ko ta yi gwajin a asibitin koyarwa kafin ta taso.